Yatsa Uku Daga Karan Baba

Wata Asabar ce da hantsi, a shekarar da na shiga aji biyar na firamare, ana tsakiyar cirar albasa a fadamarmu ta Magarya. Ina zaune ƙofar gida da reza a hannu ina haɗa motar kara, sai Baba ya fito ya miƙo mini wani guntun karan dawa, tsawonsa bai wuce ɗani guda da ɗan ɗori ba. Ya ce, "Nasiru, riƙe man wanga, kak ka yar. Kai za ka raka ni Sakkwato." Ya koma ciki sauya riga. Na juya karan nan a hannuna. Mai kauri ne, busasshe, totuwarsa cike, irin wanda yaro ke yini a gona bai samu ba. Motata kuwa komai ya haɗu, har da fitilu, tayun baya kawai sunka rage. Ban yi wani dogon tunani ba. Na sa reza na yanko taya biyu masu kyau daga kan karan, kamar faɗin yatsa uku ke nan, na soka su a motata, sauran na jefa aljihu. A wurina kara kara ne, ga shi nan jibge a danga da kan rumbu.

Abin da zai kai mu Sakkwato ranar nan, mota Baba zai sauya. Tun da na yi wayo muna da wata tsohuwar a-kori-kura mai fulogi shida, doguwa, sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka hau. Gwaggo muke ce mata, don kullum da safe sai ta yi tari da mita kafin ta tashi. Aikina kafin in tafi makaranta shi ne in zuba mata ruwa a lagireto, in ba ɗan maraƙinmu dusa, sannan in kira yaran unguwa mu tura. Wanda ya tura yana da ladan hawa baya har bakin titi, saboda haka ba a rasa masu turi. Gwaggo ta yi aiki lokacin da gonar kakanmu take dunƙule, ana loda mata buhu goma sha. Da anka raba gona, yayyena biyu kuma sunka tafi neman na kansu, abin da Baba ke fitarwa a sawu bai wuce buhu biyar ko shida ba, ita kuwa cikinta bai san an raba gona ba, man da take sha jiya shi take sha yau. Ga Inna da ƙannena, in za a je Rabah gaida dangi, a buɗaɗɗen baya suke zama rana na dukansu. Rannan Baba ya dawo daga gidan mai ya ce, "Na gaji da noma ma mota." A satin ya sayar da ita.

Shi abin da yake so wagon ce, irin mai dogon bayan nan da ake kwantar da kujeru a yi lodi, a tayar da su a ɗauki iyali. Damuwarsa guda ce. Hanyar fadamarmu akwai wani wuri mai yashi inda amalanken shanu da manyan motoci sunka haƙa rami biyu, tudu ya tashi a tsakiya kamar kunya. Gwaggo da tsawon ƙafarta ba ta ma san da shi ba. Ƙaramar mota kuwa wani zance ne. Ni duk ban san wannan lissafin ba a lokacin, don Baba ba mutum ba ne mai bayyana dalilinsa. Zai ce maka yi kaza, sai daga baya ka gane.

Munka tafi da Kawu Sani, ƙanen Inna, direban haya ne a tashar Wurno, shi ne masanin mota na dangi, kuma bakinsa ba ya hutawa. A Sakkwato, wurin wani dillalin motoci munka tarar da wagon biyu, jiki iri ɗaya, sun sha hannu duka. Ɗaya fara ce tas, mai fulogi shida, rediyonta na aiki. Ɗayar koriya ce da ta koɗe, ƙofar baya ta ɗan loɓa, fulogi huɗu. Kawu ya shiga farar ya taka totur, ta yi wani gurnani da na ji har cikin haƙarƙarina. Nan take na ba ta zuciyata. Har na fara tsara yadda zan ba 'yan ajinmu labari.

Baba bai ko kalli rediyon ba. Ya zaro igiya daga aljihu mai ƙulli biyu, tsawon buhun albasa har da hular da ake ɗinka masa a baki, ya auna bayan kowace mota. Ya kara farin ƙyalle a bakin salansa ya duba ko zai yi baƙi. Ya zaro sandar mai ya murza a yatsa ya sansana. Sannan ya roƙi dillali ya tara masa ƙarti shida daga masu wankin mota da masu zaman benci, ya sa sunka cusa kansu a bayan motar, suna dariya suna cewa yau sun zama albasa. Da motar ta zauna da nauyi, sai ya durƙusa ya miƙo mini hannu. "Kawo karan nan."

Ina ganin ya tsayar da shi ƙarƙashin motar na gane komai. Tsayin tudun nan ne. Ashe ya je da kansa ya tsaya cikin ramin, ya auna, ya yanke karan daidai. Ni kuma na ci yatsa uku a ciki. Karan ya shige ƙarƙashin farar da ƙyar, ya shige ƙarƙashin koriyar da ƙyar. Baba ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce duka biyu za su wuce. Na buɗe baki, na kalli ƙartin nan shida da dillali da Kawu, na mayar na rufe.

Sai batun inji. Kawu ya dage a kan shida. Baba ya ce shi ya yi shekaru yana ciyar da shida, ya san abincinsu. Ya ce, "Shida don gudu anka yi ta. Ni daga Magarya zuwa Wurno, ina za ni da gudu? Buhu biyat nika ɗauka, ba tirela ba." Kawu ya riƙe baki. "Haba Yaya Ummaru! Wagga ai motar malaman makaranta ta. Littahi taka ɗauka, ba albasa ba." Baba ya ce a kawo makullin koriyar.

Kwana uku bayan nan anka yi lodin farko. Na gudo daga makaranta tun ƙarfe tara don kada a yi babu ni, dama ni zaman aji bai taɓa karɓata ba, benci kamar da ƙaya. Anka sa buhu biyar, Baba ya ja a hankali, ina biye da gudu. Tana shiga wurin yashin nan sai na ji wani ƙuuu, cikinta ya hau tudun ya zauna. Tayun gaba sunka riƙa juyawa a banza suna watsa yashi. Baba ya sa giyar baya, ya sa ta ɗaya, ko motsi. Ga babbar motar masu sayen albasa tana jira bakin titi, direbanta na danna oda. Kafin ka ce mi, masu ban ruwa da masu cira sun taru, kowa da shawararsa. Dole anka sauke buhunan, anka nemo jakuna biyu, anka haƙe ƙarƙashinta da fartanya kafin ta fito. Buhu biyu ba su samu babbar motar ba. Kawu ya iso a kan babur yana tafa hannu, yana cewa, "Mi nac ce? Da shida ta, da ta hwisge kanta ta wuce. Ba ta da ƙirji!" Kowa ya ce gaskiya ne, inji ne ƙarami. Har wani tsoho ya ce wai a ɗaura mata shanu biyu a gaba.

Zancen ya zagaye gari. A majalisa, a bakin rijiya, har a filinmu na langa yara na ce mini ɗan mai motar malamai. Wannan duk bai dame ni ba kamar yadda Baba ya koma. Mutumin da in ya auna abu ya gama, mutane na zuwa ya raba musu iyakar gona da igiyarsa, sai ga shi zaune kan tabarma bayan la'asar yana juya karan nan a hannu. Ya sake tsayar da shi ƙarƙashin motar a tsakar gida, ya shige. Tunda awo bai yi ƙarya ba, sai ya yarda da maganar mutane, injin ne ya kasa jan kaya cikin yashi har ta nutse. Na ji yana gaya wa Inna cewa ran Asabar zai mayar da koriyar ya karɓo farar, kuma cikon sai an sayar da maraƙi. Maraƙin da nake ba dusa da hannuna. Kuma ni kaɗai na san cewa farar ma nan za ta zauna, don da idona na ga yadda karan ya shige ƙarƙashinta da ƙyar. Za a rasa maraƙi, a dawo da mai shan mai, a sake jin kunya a wuri ɗaya.

Kwana huɗu ina ɗauke da abin nan. Motar karan da na sha wahalar haɗawa na tura ta ƙarƙashin rumbu, ko kallonta ba na so.

Ran Asabar da safe Kawu ya iso, an riga an sa wa maraƙi igiya. Baba na ɗaura agogo. Na shiga ƙarƙashin rumbu na jawo motata, na zare tayun baya biyu, na zo gabansa na durƙusa. Na ɗauki karan daga kan tabarma, na tsayar da shi, na ɗora taya ɗaya a kai, na ɗora ta biyu. Sunka zauna daram, kauri ɗaya, launi ɗaya, har tabon jan da ke gefen ɓawon ya haɗu. Baba ya ɗauki abin gaba ɗaya a hankali, ya je ya durƙusa gindin motar, ya ce da ni da Kawu da duk wanda ke kusa mu hau baya. Karan ya ƙi shiga. Na sauko na rufe ido ina jiran mari. Sai na ji ya ce, "Ashe injin ba shi da laihi." Ya juya wurin Kawu, "Sani, kwance maraƙin nan."

Bai doke ni ba, amma ban sha ba. A ranar ya kai motar wurin wani bakanike a Wurno anka ƙara mata ƙarfin sifirin, bayanta ya ɗaga. Ni kuma ya ba ni shebur da fartanya ya ce yatsa ukun da na ci, in je in cire su daga kan tudun, tun daga farkon yashin har ƙarshensa. Yamma biyar na yi ina sara, tafin hannuna ya yi kanta, abokaina na wucewa suna mini sannu da aikin gwamnati. Ranar gwaji Baba ya sa buhu shida, ya ce Kawu ya zauna gaba don ya zama shaida. Koriyar nan ta shiga yashi da giya ta biyu, tana nishi a hankali, ta fita ɗaya gefen ko gogar ƙasa ba ta yi ba. Kawu ya ce ai ƙafa anka ƙara mata. Baba ya ce, "Buɗe gaba ka ƙirga fulogin, ko sun haihu."

Shekara tara motar nan ta yi mana. Ta kai albasa, ta kai Inna Rabah cikin inuwa, ta kai amare, a cikinta na koyi tuƙi. Makaranta kuwa ina aji biyu na sakandare na ajiye. Na yi kabu-kabu da babur a Goronyo, na yi yaron mota, na bi lodin albasa har Kudu, ba inda na iya zama shekara biyu cur. Da na samu ɗan abin hannu, mi kuke tsammani na saya? Mai fulogi shida, baƙa, mai gurnani. Na ji daɗinta wata uku. Yanzu da mai ya koma yadda ya koma, ta fi kwana a ƙofar gida fiye da kan titi, kuma ni ma na kama kaina ina noma mata. Na sa ta kasuwa. Wagon nake nema mai fulogi huɗu, kuma wannan karon ba wanda zai juya ni, na san abin da nake ɗauka, na san inda za ni.

Yau dillalai a waya suke turo maka hoto, mota na ƙyalli, ka zaɓa kana kwance. Hanyar fadamarmu an zuba mata jar ƙasa, tudun nan babu shi, yaran yanzu ba su san an yi shi ba, motar kara ma ban cika ganin mai haɗa ta ba. Baba idonsa ya yi rauni, ya bar tuƙi. Jiya na gaya masa zan shiga Sakkwato duba mota. Bai tambaye ni launi ba, bai tambayi kuɗi ba. Ya lallaɓa ya zaro kara daga danga, ya auna da ɗaninsa, ya ƙara ɗan ɗori, ya karya ya miƙo mini, yana murmushi. Na sa shi a aljihun gaba. Wannan karon zai isa yadda anka ba ni shi.