Dalilin da Kawu ke goya hannu a baya

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara ashirin da shida ya yi yana miƙar da jikin motocin da suka yi hatsari. Kowa Guduma yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Karatunsa a sakandare ya tsaya. Warin fenti ne ya cinye masa ƙirji, har ta kai in zai hau bene sai ya zauna a tsakiya ya huta. Likita bai ɓoye masa ba: ko ya bar gareji, ko gareji ya ga bayansa.

Da wani kamfanin inshora ya nemi mai duba motocin da aka buge don a kimanta ɓarna, ni na cika masa takarda. Gurbin digiri muka bar shi fayau. Manajar sashen, wata mai gilashi da ba ta dariya a banza, ta ba shi wata uku na gwaji. Ta miƙa masa waya, ta ce, "Hoto tukuna, sannan rahoto. Ba hoto, ba biya."

A sati na biyu aka tura shi duba motar wata malamar firamare. An lotsa mata ƙofar direba, ba ta rufuwa, sai ɗaure ta take yi da igiyar shanya. To, hali zanen dutse. Kawu ya shafa wurin sau biyu, ya ari guduma a wajen mai faci, cikin minti ashirin ƙofa ta rufu ruf. Malama na ta sa albarka. Sai da ya zaro wayar sannan ya tuna bai ɗauki hoto ba.

Da ya ba mu labari da yamma, na ce, "Kawu, shaidar ka gyara?"

Ya ce, "Ke dai bari, 'yata. Hannun ne ya riga ni."

Na yi dariya har da hawaye, daga baya tsoro ya kama ni, don na san in aikin nan ya kuɓuce gareji zai koma. Matarsa ta ce ya ce hoton ne ya goge. Ya ƙi. Ya zaunar da ni, yana faɗa ina buga rahoton. Layin farko: shi ya taɓa ƙofar kafin hoto. Sannan ya zayyana abin da tafinsa ya ji da wanda idonsa ya gani. Bugun daidai gwiwa yake, motar da ta yi shi baya take yi, bambarta ta baya ta ƙarfe ce mai kusurwa, fentinta shuɗi. Injin ɗaga gilashin ƙofar ya karye a ciki, dole a sake shi.

Washegari manaja ta karanta. Ta jawo wani fayil: motar kaya shuɗiya, ita ma a kamfaninsu take da inshora, direban ya ce turken fitila ya buga, a titi ɗaya, rana ɗaya. A hoton, farin fentin motar malama na nan a bambar.

Ta ce, "Da hannu ka gano wannan?"

"Da hannu, ranki ya daɗe."

"To hannun muke so. Amma ka sake gyara mini shaida, ni da kai ne. Jarrabawar satifiket ɗin masu duba mota kuma za ka zauna, ba gudu."

Sau biyu ya zauna ta kafin ya ci, ina yi masa bita yana ce mini malama mai mugunta. Yau shekararsa huɗu a wurin. In ka gan shi yana zagaya mota, hannuwa goye a baya, sai ka ɗauka isa ce. Mu mun san riƙe su yake yi. Ofishinsu a hawa na uku yake, ranar da na raka shi ni ce na tsaya hutawa, shi yana sama yana jirana.