Hayaƙin da Hannuna Bai Kai Ba

Na iso unguwar Gwange a guje daga ƙauyenmu, da zanin jikina kawai. Injin niƙa ne ya riƙe ni, amma hayaƙin dizal ya cinye mini ƙirji.

Aka ce masu raba inji mai aiki da hasken rana za su zo duba shagona. Ni baƙo ba ya tarar da ƙazanta a wurina. Na wanke injin tas, na shafe bango da farar ƙasa.

Ma'aikaciyarsu ta zo da waya a hannu. Ta ce wata na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke duba hotuna, ta zaɓi inda hayaƙi ya fi yawa, can masu kuɗi za su fara zuba jari. Ta kalli bangona fari fat, ta dafe kai.

"Mama, ina hayaƙin?"

"Na wanke shi saboda ke, 'yata."

"Ai shaidarki kika wanke."

Sai ta ɗaga kai, ta fashe da dariya. Kwanon rufin baƙi ƙirin yake, don tsayina bai kai can ba. Ta ɗauki hotonsa. Na tayar da injin, hayaƙi ya turnuƙe ta har ta yi tari.

Na'urar ta zaɓe ni. Yanzu rana ke niƙa mini gero, tarina ma ya tafi. Gajartar da ake tsokanata da ita tun ƙuruciya ce ta ba ni inji. Kwanon kuwa, na hana kowa wankewa.