Faifan da Aka Rataya wa Tsuntsaye

Ni ba mai yawo ba ce. Tun muna ƙauyenmu, can gaba da Dogon Dawa, in ka neme ni a tsakar gida za ka same ni, ko ina surfe ko ina surutu, galibi ma duka biyun. Karatuna bai wuce allo da ɗan yaƙi da jahilcin da na yi da girmana ba. Kunne dai Allah ya ba ni. Ina ɗaka nake gane turmin gidan wa ake daka a ciki.

Shekarar da muka aurar da ƙanwar maigidana, an ɗauko mai ɗaukar biki daga Birnin Gwari, ya zo da janareta ɗaure a bayan babur. Faifan sidi biyu ya ba mu, na kallo da na saurare. Na kallon yara suka karce shi tun damina ba ta zagayo ba. Na sauraren ni na riƙe, don kiɗan ƙwaryar da mu mata muka yi ne a ciki. Da maigida ya ga na damu da shi, sai ya sayo mini 'yar na'urar sidi ta hannu, zagayayya kamar murfin kwano, mai cin batir, da iyafis na toshewa a kunne.

A tsakiyar faifan akwai inda mai ba da waƙa ta tsaya shan ruwa, kiɗa ya yi ƙasa. Daidai nan, daga bayan zana inda maza suke zaune, sai ka ji maigida ya ɗaga murya: "Ku sassauta wa ƙwaryar nan, ta aro ce!" Sai ya yi dariya, irin tasa, wadda take ƙarewa da ɗan tari na mai cin goro. Sai ni kuma ka ji na ce, "To shigo ka karɓa mana!" Shi ke nan. A lokacin ban ɗauki wurin a bakin komai ba, har wuce shi nake yi in koma waƙa.

Bayan mutanen daji sun tare su maigida a hanyar kasuwa, bai dawo da ransa ba, muka kwashe muka dawo cikin gari, gida ɗaya da ƙaninsa da matar ƙanin. Daga nan wurin nan na faifan ya zama shi ne abin da ya rage mini na muryarsa a duniya. Ba ya riƙe waya mai ɗaukar magana. Hotonsa ma ɗaya ne, na katin zaɓe, ya ɗaure fuska kamar an yi masa laifi.

Na'urar ta tsufa tare da ni. Murfinta sai na ɗaure da roba, in an taka ƙasa da ƙarfi kusa da ita sai ta yi tsalle ta ɓata waƙa, batir kuwa kamar tana sha da ludayi. 'Yata ta fari, wadda take aure nan cikin gari, ita ta gaji da gani. Ta zo mini da wani ɗan abu da bai kai akwatin ashana ba.

"Inna, empi ke nan. Caji ake yi masa, ba ruwanki da batir. Ko rawa kike yi ba ya tsalle. Ba ni faifan in kai shagon caji a tura miki a memori."

Na ba ta ina ƙunƙuni. Kafin la'asar ta dawo da su duka biyun.

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma, na ajiye su gefe da gefe. Don kada a ce son kai na yi, iyafis ɗaya na yi amfani da shi, in zare daga nan in soka a can. Gaskiya empi ya fi ƙara, kuma ba nauyi, wannan ban hana shi ba. Amma a faifai, in an daki ƙwaryar da aka kifa a kan ruwa, kana jin dum ɗin ya sauka har ƙasan baho, kana jin ruwan yana motsi. A empi kamar ana dukan kwali. Tafin mata a faifai kowane hannu daban, ina gane na uwar mijina saboda awarwaronta. A empi duk ya haɗe ya zama shaa, kamar an zuba tsakuwa a kwanon rufi. Na daure har aka zo wurin da nake jira. Maganar tana nan, kalmomin duk suna nan, amma ba shi ba ne. Wani mutum ne yake magana da bakinsa cikin tulu. Dariyar ta koma wani ƙugi, tarin ƙarshen kuwa babu shi sam.

Ƙanin mijina ya shigo ya same ni na yi tagumi. Tun ina amarya wasa muke yi da shi, bakinsa ba ya shiru.

"Matata, me aka yi? Kin zauna kamar wadda akuyarta ta ɓata."

Na soka masa iyafis, na sa masa wannan, na sa masa wancan. Ya ɗaga kafaɗa.

"Duk ɗaya ne. Ga Yaya nan yana rowar ƙwarya, a can ma yana rowar ƙwarya."

"Kunnenka na jaki ne, tsawo kawai. Ina tarin?"

"Wane tari? Yau ga tsohuwa tana neman tari a rediyo! Ki bari sanyi ya shigo, ni zan yi miki kyauta."

'Yata ma dariya ta yi. Ta ce sabo ne kawai, zan saba. Na naɗe faifan a tsumma na ɗora a kan jeren kwanukana, na ce Allah ya ba su lafiya.

Ana haka na'urar ta fara gardama, wata rana ta karanta, wata rana ta ƙi. Tsoro ya kama ni. Ni da ba na fita, na yafa mayafi na sa 'yar ta raka ni shagon cajin. Mai shagon dattijo ne, bai musa mini ba ko kaɗan.

"Hajiya, gaskiyarki. Matse waƙa muke yi. Kowa so yake memorinsa ya ɗauki abu da yawa, to sai mu rage mata nauyi, ƙananan sautuka su zube. Ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi. Kawo faifan in sake tura miki ba matsi, da ƙyar za ki bambanta."

Ban san lokacin da na iso gida ba. Na miƙa hannu kan kwanuka, ga tsumma, ba faifai.

Matar ƙanin mijina ce ta faɗa mini, tana sosa kai. Shinkafarsu ta can fadamar ƙauye ta fara fitar da kai, tsuntsaye sun sauka. A wurinmu haka ake yi: a tara tsofaffin faifai, a zura musu zare a rataya a kan sanduna, iska ta juya su, walƙiyar ta kori tsuntsu. Da can yara ake turawa su yini suna ihu, yanzu wa zai tura ɗansa dajin nan? Mijinta ya bi ɗakuna yana tara faifai ranar da nake can baya ina wanki. Ya tambayi 'yata a waya, ta ce masa ai an riga an kwashe abin da ke ciki.

Da ya dawo na tare shi tun daga zaure. Ba wasa ranar.

"Wa ya ba ka?"

"Haba Yaya," ya ce, don ya ga fuskata, "an ce an juye shi a memori. Na ɗauka ya zama fanko, kamar buhun da aka zazzage."

"Yayanka ne a ciki. Yayanka ka rataya wa tsuntsaye."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce gobe zai koma ya ciro. Gonar nan ba a shiga sai lokacin da mutanen daji suka yarda, su ma manoman a ƙungiya suke tafiya, su yi abin da za su yi su fito da sauri. Shi kaɗai a kan babur, ba ranar shiga ba, kowa a gidan ya san abin da hakan yake nufi. Matarsa ta fito riƙe da muciya, ba ta dube shi ba, ni ta duba.

"Yaya, shi kaɗai ya rage mana."

Ina so ya je. Wallahi ina so. Bakina ya buɗe, na ji abin da zai fito, na rufe shi. Na ce ya zauna, a bari sai girbi.

Rana ta yi ta dukan fadamar nan, ruwan ƙarshen damina ya yi nasa, ni ina tsakar gida ina jin kowane ɗigo a kan kwano. Da aka yi yankan shinkafa ya dawo da faifan a aljihun rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Azurfar bayansa ta ɓare, in ka ɗaga shi kana hango sama ta ciki. Na goge shi da gefen zanena, na sa sabon batir. Ya juya, ya yi ɗan kuka, ya tsaya. Na kai wa mai shago, ya gwada a injinsa, ya girgiza kai.

Ƙanin mijina bai ƙara ce mini matata ba. Buhun shinkafar farko ɗakina ya kawo, har yau ba na iya cin tuwonta da daɗi.

Yanzu empi nake ji, tunda ba wani. 'Yata ta ce zan saba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan, ta yi gaskiya. Kwanan baya ina tankaɗe na so in tuno dariyarsa da kaina, ba tare da na sa komai a kunne ba. Na yi, na yi. Ta mutumin cikin tulun nan ce take zuwa mini.