Waliyyu Mai Kyamara da Iyakar Fadama

Waliyyu ɗan gidan mahauta ne a Jega, kuma da ya bi abin da aka shirya masa, da yanzu yana bayan teburin nama kamar yayyensa. Gidan kallo ne ya karkatar da shi. Ba na yabon gidan kallo, domin waɗanda ya lalata sun fi waɗanda ya gyara yawa. Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa shi Waliyyu ba labarin fim yake bi ba. Tun yana saurayi tambayarsa ita ce: a ina mai ɗaukar ya tsaya, kuma me ya ƙi nuna mana? Ya koyi aikin a hannun wani mai ɗaukar bukukuwa a Aliero, har ya mallaki kyamararsa. Yau ya haura arba'in, yana da iyali, kuma an daɗe ana nemansa wajen ɗaurin aure da saukar karatu daga Jega har Maiyama.

Masu wannan sana'a suna da majalisa a shagon wani abokinsu Khalil, kusa da tasha. Al'adarsu ita ce su sa fim su kashe muryarsa, su yi ta yi masa fiɗa. Wani ya nuna cewa inuwar jarumi tana dama, da aka yanke aka dawo ta koma hagu, ashe magana ɗaya an ɗauke ta rabi da safe, rabi da yamma. Wani ya yabi wanda ya iya barin fuskar mai kuka ta zauna a hoto ba tare da ya yi ta jawo ta kusa ba. A nan Waliyyu yake faɗin ka'idojinsa, har abokan suna ce masa Alƙali. Ka ba rana baya. Kada ka tsayar da mutum gaban farin bango da tsakar rana, fuskarsa za ta koma inuwa. Ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari. In kana son kusanci, ka taka da ƙafarka, kada ka dogara da maɓallin jawo hoto. Mai kallo yana yafe hoto mai rawa, ba ya yafe muryar da ba ta fita. Babbar ka'idarsa kuwa ita ce, duk inda aka yanke hoto, an nemi mai kallo ya yarda da abin da bai gani ba.

Wannan ka'ida ta ƙarshe ce aka jarraba shi a kanta, a wani ƙauye kusa da Mungadi.

Shamsuddeen da Auwal 'ya'yan wa da ƙani ne. Iyayensu maza sun rasu sun bar musu fadamar albasa gefe da gefe, kuma layin gamba da ya raba gonakin ambaliya ta share shi. Shamsuddeen ya ce iyakar ta nufi tsamiya; Auwal ya ce ta nufi wata matacciyar rijiya. Tsakanin maganganun biyu akwai fangalolin albasa masu yawa, waɗanda Shamsuddeen ya riga ya dasa. An yi faɗa sau ɗaya, aka karya hannun ƙanin Auwal, aka kai shi Aliero wajen masu ɗori. Kowa ya san faɗa na biyu ba zai tsaya a karaya ba.

Mutum ɗaya ya rage a raye da ya san iyakar tun asali, wato Gwaggo Tani, yayar iyayensu, wadda ta yi ta kai wa mahaifinta abinci gonar tana yarinya. Ta tsufa ƙwarai. Ta yarda za ta taka iyakar da ƙafarta, amma sau ɗaya, domin jikinta ba zai ɗauki na biyu ba. Mai gari, wanda ciwon ƙafa ya hana shi zuwa, ya ce a ɗauki tafiyar a kyamara a kawo masa, ya kuma gindaya sharaɗin da ɓangarorin biyu suka amince da shi: daga lokacin da ta sauka hanya har ta kai ƙarshen iyaka, ɗauka ɗaya, ba tsayawa, ba yankewa. In aka sami yanke ko ɗaya, shaidar ta faɗi. Shamsuddeen ne ya ɗauko Waliyyu, domin ya tabbata Gwaggo bayansa take.

Waliyyu ya je ya duba wurin tun kafin ranar. Ya nemi a yi tafiyar da hantsi, a fara daga gabas a nufi yamma, don rana ta kasance a bayansa. Ran tafiyar ya sa sabon batir da katin ajiyar hoto da babu komai a kansa, ya naɗe abin ɗaukar murya da safa saboda iska. Ya ce Shamsuddeen da Auwal su tafi ɗaya a damar Gwaggo ɗaya a hagunta, yadda ba wanda zai fita daga hoto, 'yarta Rukayya kuma ta biyo baya ba tare da ta riƙe ta ba, kada a ce an ja ta. Wakilin mai gari ya tsaya kusa da shi.

Samarin gidajen biyu sun zo, kowa da fartanya ko lauje, kowa yana cewa daga aiki ya biyo. Ba wanda ya yi musu, ba kuma wanda ya yarda.

Gwaggo Tani ta yi bismillah ta sauka. Tana tafiya a hankali, tana dogara sanda, tana ambaton abin da ta tuna: nan akwai kanya, an sare ta shekarar da aka haifi uban Auwal, nan mahaifinsu yake ɗaure jaki. Waliyyu yana binsu ta gefe, gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe, yana ajiye diddige kafin yatsu, ido ɗaya a kan hoto, ɗaya a kan ƙasa. Injin ban ruwa yana ta bugawa a gonar maƙwabta. Ba mai magana sai ita.

Sun kusa inda hanyoyin biyu za su rabu, ta tsamiya da ta rijiya, sai ta zo ƙetare hanyar ruwa. Ƙafarta ta zame. Sandar ta kafe a laka, ita kuma ta faɗi ta gefe, ƙayar da ke bakin ruwan ta fizge mayafinta da ɗankwalinta gaba ɗaya. Kanta ya fito, da kafaɗarta.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna. Duk mai ɗaukar hoto da ke da tarbiyya, in suturar mace ta faɗi, yatsansa kan kai ga maɓallin kashewa kafin tunaninsa ya iso. Haka aka horar da su a gidajen biki, kuma horo ne mai kyau. Amma a wannan fili kashewar ita ce rushe shaidar, tsohuwar kuma ba za ta sake takawa ba. Waliyyu ya ce ya ji yatsan nasa ya tashi da kansa, sai da ya danne shi a jikin kyamarar. Ya duƙar da ita ƙasa, ya tsayar da hoton a kan sandar da ta kafe da takalmin Gwaggo ɗaya da ya maƙale kusa da ita.

"Ban kashe ba," ya faɗa da ƙarfi, don muryar ta shiga. "Na duƙad da kyamara bisa sandar Gwaggo. Maza, ku ba da baya. Rukayya, ki rufe ta."

Mazan suka juya, amma gunaguni ya tashi. Wani daga ɓangaren Auwal ya ce dabara ce, an kau da ido don a matsar da tsohuwa. Wani daga na Shamsuddeen ya ce wanda ya faɗi haka ya maimaita. Aka ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Wani saurayi ya miƙa hannu zai zare sandar ya miƙa mata, Waliyyu ya ce masa, ba tare da ya ɗaga kai ba, duk wanda ya taɓa ta hannunsa zai shiga hoto, kuma shi zai yi wa mai gari bayani. Hannun ya koma. Waliyyu ya roƙi wakili ya yi ta ambaton abin da ke faruwa, wakilin ya yi ta faɗa: ga Rukayya tana ɗaura mata, ga ta ta zauna, an ba ta ruwa. Damatsan Waliyyu suna zafi, gumi yana shiga idonsa, bai share ba, domin sharewa hannu take buƙata.

Da Gwaggo ta miƙe, ita da kanta ta sa hannu ta zare sandarta, ta zura ƙafa a takalmin. Waliyyu ya ɗago kyamarar a hankali daga ƙafarta zuwa fuskarta. Ta tsaya tana numfashi, ta dubi tsamiya, sannan ta juya ta nufi matacciyar rijiya. A bakinta ta tsaya ta ce mahaifinsu ne ya gina ta a kan iyaka, don gidajen biyu su sha ba mai roƙon wani. Sai da wakili ya ce an gama, sannan Waliyyu ya kashe.

Shamsuddeen ya ja shi gefe, wakili yana jinsu. Bai yi faɗa ba. Ya yi magana a natse, kamar mai ba da shawara. Ya tambaya ko kan Gwaggo ya shiga hoton. Waliyyu ya duba, ya ce ya shiga, gwargwadon ƙiftawar ido, domin hannunsa ya makara.

"To, ka gani, Malam Waliyyu. Gwaggona ce, mutuncinta nawa ne. Ba a kai kanta tsirara zauren mai gari maza su kalla. Ka cire wurin nan kawai. Ko kai kana yarda a yi ma uwarka haka?"

Maganar daidai ce a lafazinta, kuma wannan ne haɗarinta. Suturta tsohuwa wajibi ne; amma mai maganar ya san cewa cire wurin shi ne yanken da zai kashe shaidar da ta kayar da shi. Waliyyu ya ga duka biyun. Ya ga kuma cewa in ya nuna hoton a kan ra'ayinsa, ya yi wa Gwaggo abin da ba zai so a yi wa uwarsa ba, kuma niyyar mai tambaya ba ta mayar da tambayar ƙarya. Samarin ba su watse ba. Sun lura ana wata magana, sun fara matsowa.

Waliyyu ya ce ba zai yanke ba, ba zai kuma nuna ba, domin kan ba nasa ba ne, ba na Shamsuddeen ba ne. Akwai mai shi, tana da rai da hankali. Ya zare katin a gabansu ya damƙa wa wakili, ya ce su je gaba ɗaya.

Sun sami Gwaggo a ƙofar ɗakinta, Rukayya tana shafa mata man zafi a gwiwa. Waliyyu ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ya faɗa mata abin da ya shiga hoton, da cewa laifin jinkirin hannunsa ne, da abin da zai biyo baya in an cire, da wanda zai gani in an bari. Bai ƙara ba, bai rage ba. Ta tambayi wa ya ce a cire. Ta dubi Shamsuddeen har sai da ya sunkuyar da kai.

"Shamsu, yau ne mutuncina ya dame ka? Ran da kunka karya ma ɗan'uwanku hannu, ina shike?" Ta juya ga wakili. "Ku kai ma mai gari shi duba, har da hwaɗuwar. Furfura ce. Ni na yi ma ubanninsu wanka, ba su da abin gani ga kaina. Amma shi da su biyu kaɗai, ba taro ba."

Haka aka yi. Mai gari ya kalla tun daga farko har ƙarshe, ya sa aka maimaita masa wurin sandar, yana saurare: bugun injin ban ruwa bai tsinke ba, muryar wakili ba ta tsinke ba, sandar ba ta motsa ba sai a hannun mai ita. Ya yanke cewa iyaka rijiya ce. Shamsuddeen zai cire albasar da ya dasa in ta nuna, daga nan fangalolin su koma hannun Auwal. Katin ya zauna a wurin mai gari, Waliyyu bai riƙe kwafi ba.

Ba zan ce gaskiya ta biya shi nan take ba, domin ba haka ya faru ba. Shamsuddeen ya bi dangi yana cewa mai kyamarar Jega ya ɗauki tsohuwa ba ɗankwali ya kai wa maza, kuma rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa ta yi tafiya. Gidaje da dama a wannan yanki sun daina kiransa biki har yau, musamman inda za a shiga wajen mata. Waliyyu bai bi su da bayani ba, domin bayanin yana buƙatar ya sake ba da labarin faɗuwar Gwaggo a kowane zaure, shi kuwa yana ganin an faɗe shi ya isa. Da damina ta sauka, gidajen biyu suka fito suka dasa sabuwar gamba daga bakin hanya zuwa rijiya, ba wanda ya zo da lauje.