Malamin da Ban Kai wa Goro Ba

Ban taɓa zama a bencin makaranta ba, amma duk Mandawari babu mai cewa ban san darajar malami ba. Kowane ɗa na haifa, ranar da za a sa shi karatu ni nake riƙe hannunsa, da goro ƙulle a bakin mayafina. In durƙusa in ce, "Malam, ga amana." Shi kuma ya sa albarka. Haka muka taso muka tarar: karatun da malami bai san da kai ba, bai yarje maka ba, ba ya zama a ka.

Sojoji sun daɗe da komawa bariki lokacin da jikata, 'yar babban ɗana, ta shiga jami'a. A ɗakina ta tashi tun yaye. Komai tana ci, ban da lissafi. Ta faɗi, aka gaya mata in ta sake faɗuwa sallamarta za a yi. Ta ce ajinsu ya fi gidan biki cika, na baya ba ya jin malami, ita kuma kunya ba ta barin ta ɗaga hannu.

Wata rana da hantsi ina tsintar shinkafa a tsakar gida, sai na jiyo muryar namiji daga ɗakina, yana zuba Turanci a natse. Namiji, a ɗakina! Na dire faifai, na ja mayafi, na yi sallama da ƙarfi na shiga. Yarinyar ce kaɗai a kan tabarma, da kwamfutar da ta aro wajen yayanta. A cikin gilashin ga baƙin allo, ga hannu yana rubutu, babu fuska.

"Hajiya, malamina ne na lissafi," in ji ta. "Rajista na yi a intanet. Ba ƙararrawa, ba makara. Duk sanda na shirya sai in buɗe."

Ina tsaye ta sa yatsa ta danna wani wuri. Mutumin nan ya yi tsit a tsakiyar kalma, hannunsa ya ƙame a kan allo.

"Ke! Malami na magana kika toshe masa baki?"

"Ban gane wurin ba ne."

Ta mai da shi baya. Ya sake faɗa, daidai yadda ya faɗa ɗazu. Ta kuma mai da shi, ya kuma faɗa. Babu tsaki, muryarsa ko gezau. Ni da in ina ba da tatsuniya yaro ya katse ni, an tashi ke nan sai gobe! Na zauna a bakin gado ina kallon wannan haƙuri, shinkafata kaji suna ta biki a kai.

Da na dawo hayyacina na ce, "Wa ya kai ki wurinsa? An gaishe shi?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Haba tsohuwa, bai ma san ina duniya ba."

Ashe laɓe take yi a bayan taga tana kwasar karatun mutum. Na zare wayar cajin daga bango na ƙulle a haɓar zanina. Na ce ba a gidana ba, sai an gaishe shi ya amince.

Ga jarrabawa ta matso. Cajin kwamfuta ya ƙare, yarinya ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ubanta ya taso daga kasuwa ya tsuguna a gabana. "Inna, abin nan kamar rediyo ne. Kin taɓa kai wa rediyo goro?"

"Rediyo bai taɓa maimaita mini magana don ban gane ba," na ce. "Tashi ka ba ni wuri."

Ni ma fa hankalina ba a kwance yake ba. In ta faɗi, ni za a kalla. Amma na fi tsoron ta ci da abin da ba a ba ta ba.

Ita ce ta samo mafita. Ta ce a ƙarƙashin kowane darasi akwai inda ɗalibai ke rubuta tambaya. Na kwance wayar na ba ta, na ce don wannan kaɗai. Na gyara zama na fara: a gaishe shi, da gajiya, da iyali, da ɗalibai. A ce kakar yarinya ce daga cikin birnin Kano, ga amana, a yafe mana abin da aka ɗiba kafin sallama.

"Hajiya, 'ina gajiya' ba ta shiga Turanci."

"Tura ta ta shiga."

Kullum da safe sai na tambaya. Shiru. Ana nan ran wata Laraba sai jikata ta kira ni, muryarta ba yadda na saba ji ba. Amsa ta zo, amma ba daga shi ba, daga wata tsohuwar ɗalibarsa ce da ke kula da darussan. Matar ta ce malamin ya daɗe da rasuwa, da muka lissafa tun kafin jikata ta gama sakandare ne. Kafin ya tafi ya bar wasiyya a bar karatun a buɗe, duk mai so ya ɗiba, ba sai ya nemi izini ba. Ta ce ta karanta wa matarsa gaisuwata.

Na ce a kunna mini shi. Ga muryar nan, lafiya lau, ga hannun yana tafiya. Mutum yana kabari a wata ƙasa da ban san sunanta ba, yana koyar da jikata a kan tabarmata. Na sha jin malamai suna wa'azin sadaka mai gudana, ranar na gan ta da idona. Ban san addininsa ba, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Izini dai ya bayar tun ba mu tambaya ba.

"Zauna ki ɗiba," na ce. "Ki tsai da shi yadda kike so."

Ta ci jarrabawar. Na sa aka toya waina aka raba a layinmu. Maƙwabciyata, wadda ɗanta shi ma lissafi ya sa a gaba, ta shigo da kwanonta tana tambaya, "Hajiya, a wace unguwa malamin nan yake, in kai nawa?"

Na ce, "Ya rasu. Amma turo shi gobe da hantsi, yana nan yana koyarwa."