Hammar Mesar Kawu

Daga Kusada har Kankiya ba a haifi wanda ya fi ni sanin maciji ba. Samarin yanzu da ƙadangare ke kora daga zaure, su ja gefe, ba da su nake ba.

Kawuna, ƙanen innarmu, gardi ne. Yana da wata mesa da ya rena tun tana kamar igiyar guga, ɗaki ɗaya suke kwana. Ban taɓa ganin raguwar halitta irinta ba. Ta haɗiye kaza, ta miƙe a rana, sai hamma. In ta wage baki sai ka hango garin Rimaye ta ciki. Masu ilimi sun ce muƙamuƙinta take gyarawa bayan ci. Kawu bai yarda ba. Da ta fara sai ya yi wuf ya kare mata baki da tafin hannu yana a'uziyya, wai kada Shaiɗan ya shige ta. Mutum da gemunsa!

Wata kaka, an gama yankan gero, Baturen rangadi ya sauka Kankiya, aka tara masu wasa. Kawu ya ce in na riƙe mesar a wuya gaban Bature ban raki ba, ni zai ba asirin gardanci. In na yi raki, ɗan maƙwabcinmu zai ba, wani mai majina har haɓa.

Da safe ni na kamo mata kaza, ko hannu ban wanke ba. Aka naɗa mini ita, ganga na tashi, Bature na zaune ja wur kamar gauta yana fifita da malafa. Sai shashashar ta ga ba lokacin hamma sai yanzu. Ni kuwa don a san na gaji Kawu, na kai hannu zan rufe. Ta ji warin kaza, ta rufe da kanta, da hannuna a ciki.

Ihun da na yi, an ce har shanun ƙauyen Bauranya sun watse. Sai da ƙarti suka ɓamɓare ta. Asiri kuwa mai majina ya samu.

Da yamma kakata na shafa mini man shanu a hannu, ina jiran lallashi. Ta dubi Kawu ta ce, "Kai ɗan nan, ashe da gaskiyarka. Yau ɗaya da ba ka tsare bakin ba, ga shi Shaiɗan ya shiga."