Rumfa ta Bakwai a Farfajiyar Cocin Balubad

An haifi Sotero Abadilla, wanda kowa a Balubad ke kira Mang Teroy, a shekarar 1952, a layin masassaƙa da ke gangarawa bakin tafkin Laguna. Rajistar coci ta nuna shi ne na huɗu cikin 'ya'ya tara, kuma shi kaɗai ya tsaya a sana'ar ubansa. Sauran sun watsu, wasu Manila, wasu aikin jirgin ruwa. A zamanin da ya tashi, aikin mutum-mutumin waliyyai rabe yake: akwai mai fito da gangar jiki daga gungume, akwai mai fuska, akwai mai hannuwa. Teroy mai hannuwa ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana sassaƙa yatsu daga itacen batikuling, har ta kai tsofaffin mata kan gane aikinsa daga nesa in an fito da waliyyai zagayen gari, saboda yadda yake ɗan lanƙwasa ƙaramin yatsa, kamar na mai shirin karɓar jariri.

Ƙungiyar masassaƙan garin tana baje koli na kwana tara a farfajiyar coci kafin kowace Kirsimeti. Rumfa ta bakwai, wadda ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta uban Teroy ce tun kafa ƙungiyar, ta dawo hannunsa a 1979. Dokokin ƙungiyar uku ne, kuma suna nan rubuce a shafin farko na littafinta. Ba a baje abin da ba hannun mai rumfa ya yi ba. Ranar farko, bayan addu'ar safe, kowane mai rumfa zai zauna a gabanta ya yi sassaƙa na sa'a guda mutane suna kallo. Wanda kuma ya tsallake baje koli uku a jere, an ba wani rumfarsa. Teroy yana cikin waɗanda suka ƙara wa doka ta farko ƙarfi a 1996, lokacin da kayan roba suka fara shigowa garin.

Rawar hannun ta fara masa ne a shekarar da matarsa Pasing ta kwanta ciwo, da babban yatsan dama, sannan ta bi sauran. Bai gaya wa kowa ba. Ya daina shan kofi a shagon bakin kasuwa inda masassaƙa ke haɗuwa, don kada a ji kofi yana kaɗawa a kan faranti. A coci ya koma karɓar gurasar jibi, wadda limamin coci ke raba wa masu ibada, a baki maimakon a tafin hannu, mutane suka ce tsufa ya ƙara masa ibada. In aka kawo masa aiki sai ya ce itace mai kyau ya yi wuya, wanda kuma ba ƙarya ba ne. Baje kolin 2018 bai je ba saboda yana cikin shekarar makokin Pasing. Na 2019 ya ce ido ke damunsa. Sai annoba ta zo ta rufe farfajiyar shekara biyu, ƙungiya ba ta lissafa su ba. Saura masa ɗaya ke nan.

A tsakanin nan 'yarsa Luningning, wadda ake kira Ningning, ta dawo daga Hong Kong, inda ta yi shekara goma sha huɗu tana aikin gida. Ita kaɗai ta ga rawar hannun, tun ranar da ta iso, da ya miƙa hannu zai karɓi jakarta. Bayan wata biyu mota ta sauke wani akwatin ƙarfe mai murfin gilashi a tsohon shagon sassaƙa. Injin lesa ne, wanda ke yanka siririn katako da tsinin haske. Ningning ta kwaso tsofaffin zanen ubanta na mala'iku da taurari da raguna, waɗanda ya yi a kan kwali tun yana saurayi, ta shigar da su kwamfuta. Cikin minti shida injin kan fitar da mala'iku goma sha biyu, kowanne da ɗan rami a ka inda za a zura zare a rataya a bishiyar Kirsimeti.

Masu ba da labarin Mang Teroy sukan ce ya tsani injin. Ba haka ba ne. Yakan tsaya yana kallon hasken yana bin layin da shi ya zana shekara hamsin da suka wuce, ba ya kaucewa ko da gashi ɗaya. Aikinsa shi ne goge baƙin ƙuna daga gefen kowane guda da sanfefa, aikin da rawar hannu ba ta ɓata shi. Daga watan Satumba, da zarar an fara sa waƙoƙin Kirsimeti a rediyo, shi da Ningning kan loda kwalaye su tafi kasuwannin ƙarshen mako a Calamba da Santa Rosa. A can babu wanda ya san shi. Tsoho ne kawai mai fara'a, mai tambayar uwa sunayen 'ya'yanta don a ƙona su a jikin tauraro. Ciniki yana tafiya, abinci bai yanke a gidan ba. Abin da ke cin sa ɗaya ne: Disambar 2022 tana matsowa, kuma in rumfa ta bakwai ta fita daga hannunsa, garin zai tambayi dalili.

A farkon Nuwamba ya roƙi Ningning ta yanka masa mala'iku sittin daga katako mai kauri, ba irin na kullum ba. Kowace safiya, lokacin da hannun ya fi lafawa, sai ya kankare gefensu har baƙin ya fita, ya sa ƙarfen sassaƙa ya ɗan tsattsaga fukafukan, ya shafe su da kakin zuma. Wata safiya ta tarar da shi a kai. Tay take kiransa, wato baba.

"Tay, me kake yi haka?"

"Ina yi musu kwalliya."

"Kwalliya ko ɓad da kama? Farfajiya za ka kai su, ko? Haba Tay. Mutanen da kuka tsufa tare za ka yi wa wannan?"

"Zanena ne. Ni na goge, ni na tsaga, ni na shafa. Wane hannu ne bai taɓa su ba?"

"To, sa'a gudan fa? Ita ma injin ne zai zauna maka?"

Ya ci gaba da shafa kakin, bai ɗago ba.

"Ka je ka gaya wa Ninong Pilo gaskiya," ta ce. Pilo, wato Teofilo, shugaban ƙungiyar ne, kuma ninong ɗinta, wato uban baftismarta. "Ciwo ne, ba sata ka yi ba."

"In gaya wa Pilo? Wannan mai bakin kamar ƙararrawar coci? Kafin azahar har kifin tafki sun ji."

"To su ji mana! Sai me?"

"Ke ba za ki gane ba, anak, 'yata. Kin daɗe a waje."

Wannan maganar ta yi mata zafi, ta fita. Amma ranar sha shida ga Disamba ita ta ɗauko kwalayen, ita ta shimfiɗa jan ƙyalle a kan tebur.

Masassaƙan Balubad suna da wata ɗabi'a da su kansu ba su san suna yi ba. In aka miƙa wa ɗayansu abu na itace, kafin ya dube shi sai ya kai hanci. Da haka suke sanin batikuling daga itacen langka, da ɗanye daga busasshe. Teroy ya yi shekara sittin yana yin haka. Amma shekara uku yana kwana yana tashi cikin hayaƙin injin, hancinsa ya saba, ya daina jin ƙaurin. Ya gyara duk abin da ido zai gani, ya manta da wannan.

Mang Pilo ya iso yana jan ƙafa, da littafin ƙungiya a hammata.

"Kai! Wa nake gani? Pare, abokina, ashe kana raye? Har na fara tanadin kyandir."

"Ajiye kyandir ɗinka, kai za a fara kunna wa. Dubi cikinka, kamar ka haɗiye gungume."

"Gungumen ma ai kai ka hana mu, ka ɓuya a gida kamar sabuwar amarya. Ningning, 'yata, me kike ba tsohon nan? Ya ƙara muni."

Yana dariya ya ɗauki mala'ika ɗaya ya kai hanci. Dariyar ba ta tsaya nan take ba, ta ɗan ci gaba kaɗan, sannan ta mutu. Ya juya mala'ikan, ya dubi ɗan ramin zaren, wanda sanfefa ba ta iya shiga, baƙi ƙirin, zagayayye kamar an auna. Ya mayar da shi daidai inda ya ɗauka. Sai ya matso, ya rage murya.

"Pare, na ga kamar mura ke damunka. Bar zaman nan na yau. Zan rubuta na gan ka kana sassaƙa tun da sassafe."

"Ba ni da mura."

"Kana da ita. Ni na ce kana da ita."

"Pilo, tun yaushe ka fara rubuta ƙarya a littafin nan?"

"Tun yau, tsohon banza. Zauna ka yi shiru."

Da Pilo ya yi masa tsawa a gaban jama'a, mai yiwuwa Teroy ya jure. Tausayin ne ya kasa ɗauka. Da aka buga ƙararrawa ya jawo kujerarsa gaban rumfa, ya warware fatar da ƙarafansa ke ciki, ya ɗora guntun batikuling a kan gwiwa. Mutane suka taru fiye da yadda suka taru a kowace rumfa, domin an shekara huɗu ba a ga Mang Teroy yana fito da yatsu daga itace ba. Wata mata ta ɗaga jikarta sama don ta gani.

Ya kafa bakin ƙarfen a kan itacen. Ƙarfen ya fara kaɗawa, yana buga itacen da wata 'yar ƙara kamar haƙoran mai jin sanyi. Ya danne shi da hannun hagu, hagun ma ya ɗauka. Ya ɗaga guduma ya buga, ta zame ta samu gefen. Ya sake, ƙarfen ya tsere ya yi wata doguwar tsaga a inda babu abin da ya kamata ya kasance. Ya sake. Waɗanda suka halarta sun saɓa a kan tsawon lokacin, wasu sun ce minti biyar, wasu sun ce ya kai kwatan awa. Abin da suka haɗu a kai shi ne abin da masassaƙan suka yi. Mai rumfa ta takwas ne ya fara juya baya, ya shiga gyara kayan da ba su buƙatar gyara. Sai na shida. Ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin da suka san abin da suke gani suka ba shi baya, suka ja baƙi da hira zuwa wasu rumfuna, har gaban ta bakwai ya zama babu kowa sai Ningning da Pilo.

Teroy ya ajiye ƙarfen a ƙasa. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwoyi, a buɗe, ya bar su suna rawarsu. Wannan ne karo na farko cikin shekara biyar da ya zauna a bainar jama'a ba tare da ya cusa su aljihu ba.

Ƙungiya ta zauna da yammacin ranar a ɗakin taro na coci, mutum goma sha tara. Pilo ya kawo shawarar a yi wa Teroy sassauci saboda shekarunsa, a bar shi da rumfar muddin ransa. Wasu suka goyi baya. Wasu suka ce, cikin ladabi, in aka buɗe wa injin ƙofa sau ɗaya, baɗi rabin farfajiyar kayan inji ne, kuma su da ke kwana uku a kan mala'ika ɗaya ba za su iya tsayawa kusa da mai yin dozin a minti shida ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Aka ce a ɗaga hannu. Tara suka ce a bar masa. Da aka ce masu cewa a bi doka, tara suka ɗaga, idanunsu a ƙasa. Sai hannu na goma, na Teroy, ya tashi daga kujerar baya, a hankali, yana kaɗawa a iska.

"Pare, sauke hannunka," in ji Pilo. "Ba a ƙirga wanda ake magana a kansa."

"Nuna min inda aka rubuta haka."

Pilo ya buɗe littafin, ya daɗe yana juya shafuka, alhali ya san babu.

"Ni na sa hannu a dokar nan," in ji Teroy. "Ƙirga ni, hannuna ya gaji."

Littafin ƙungiya ya rubuta sakamakon a layi ɗaya, goma da tara, ba tare da sunaye ba. Washegari da safe Ningning ta naɗe jan ƙyallen, ta mayar da mala'iku sittin cikin kwalayensu, ba a sayar da ko ɗaya ba. Teburin na katako ne mai nauyi, tun na ubansa. Teroy ya kama gefe ɗaya, Pilo ya zo ya kama ɗayan ba tare da an kira shi ba, suka fita da shi ta ƙofar farfajiya suna tsayawa kowane taku goma.

"Ɗaga naka gefen mana," in ji Teroy. "Ni kaɗai nake ɗauka."

Pilo bai mayar masa da baƙar magana ba. Ya ɗaga.